Zafin da teku ke kaiwa ƙuryoyin duniya: me ya sa Salsiyas da Kelbin suka ba da amsa biyu?

Aminu: Assalamu alaikum malamai. Tambayata a kan lissafin zafin da Tekun Atlantika ke ɗauka zuwa arewa ce, a layin digiri 26 arewa da ikweta. Bayanan daga samfurin kwamfuta suke, matsakaicin wata-wata: gudun ruwa tsakanin kudu da arewa, da zafinsa a kowane gida na ragar da samfurin ya rarraba tekun da ita. An ninka gudu da zafi da faɗin gida da kaurinsa, an tara daga gaɓar Amurka zuwa gaɓar Afirka, daga sama har ƙasa, sannan aka ninka da 1025 da kuma 3990. Da ma'aunin Salsiyas amsa ta fito petawat 1.2 (petawat ɗaya wat tiriliyan dubu ne). Da aka mayar da zafin zuwa Kelbin sai ta faɗo kusan 0.1. Ruwa ɗaya, layi ɗaya. Wanne zan ɗauka?

Dakta Hauwa: Wa alaikumus salam. Kar ka ɗauki ko ɗaya tukuna. Cire zafin daga lissafin gaba ɗaya, ka tara gudu sau faɗi sau kauri kawai. Nawa ya fito?

Aminu: Kusan mita kubik miliyan 1 a sakan, zuwa kudu.

Dakta Hauwa: To ga ɓarawon nan. Sverdrup 1 ke nan, wato Sv 1. Lissafinka bai rufe ba: ruwan da ke gangarowa kudu ya fi wanda ke hawa arewa da Sv 1. Ba kuskuren samfurin ba ne, haka tekun yake, domin ruwan Fasifik yana shigowa ta Mashigin Bering, kusan Sv 1, ya ratsa Tekun Aktik ya fito ta Atlantika.

Yi lissafin da hannu. Nauyin mita kubik ɗaya na ruwan teku kilo 1025 ne, kuma kilo ɗaya na buƙatar jul kusan 3990 kafin ya ƙara digiri 1. Ka ninka su ka sami jul miliyan 4.1. Saboda haka Sv 1 mai ɗauke da digiri 1 daidai yake da wat tiriliyan 4.1, wato petawat 0.0041. Da ka koma Kelbin ka ƙara wa kowane ɗigon ruwa 273. A inda shiga da fita suka yi daidai, ƙarin yana kashe kansa. Amma wannan Sv 1 da ba shi da abokin komawa ya ɗauki 273 sau 0.0041, petawat 1.1, ya tafi da shi kudu. Cire 1.1 daga 1.2, ga 0.1 ɗinka.

Ba a cewa an auna zafin da teku ya ɗauka sai ruwan da ya tafi ya yi daidai da wanda ya dawo. In bai yi daidai ba, lambar da ka samu ta dogara ne da inda ka ajiye sifilin ma'auninka, kuma sifili yarjejeniyar mutane ce, teku bai san da ita ba.

Nura: Ke nan ta Salsiyas ɗin ma sa'a ce?

Dakta Hauwa: Sa'a ce mai dalili. Ruwan Bering a matsakaicin shekara yana kusa da sifilin Salsiyas, don haka idan ka ɗauki Atlantika da Aktik a matsayin ɗaki ɗaya mai ƙofa biyu, abin da ke shigowa ta ƙofar Bering ba ya ƙara komai a lissafin Salsiyas. Amma ka gwada wannan a kudancin Tekun Indiya ka gani. A can ruwa mai ɗumi, kusan Sv 15, yana shigowa daga Fasifik ta tsakanin tsibiran Indonesiya. Ba za ka iya ba da lambar Tekun Indiya ita kaɗai a kudu da nan ba sai ka faɗi zafin da ka ɗauka a matsayin sifili. Shi ya sa ake haɗa Indiya da Fasifik a zane ɗaya.

Gyaran, Aminu: raba wannan Sv 1 da faɗin bangon ruwan duka. Kilomita 6,000 sau zurfin mita 4,000 ya ba ka murabba'in mita biliyan 24. Gudun da za ka samu kusan milimita 0.04 ne a sakan. Cire shi daga gudun kowane gida, ka sake lissafi. Salsiyas da Kelbin za su ba ka amsa ɗaya.

Injiniya Bashir: Malam Aminu, kafin ka yi murna, da sauran rina a kaba. Ka ce matsakaicin wata kake amfani da shi. Matsakaicin gudu sau matsakaicin zafi ba shi ne matsakaicin gudu-sau-zafi ba. Ɗauki wuri ɗaya: kwana 15 ruwa mai digiri 20 yana wucewa arewa, kwana 15 mai digiri 16 yana komawa kudu da gudu iri ɗaya. Matsakaicin gudun watan sifili ne, lissafinka zai ce babu abin da ya wuce. Alhali zafi ya wuce, na bambancin digiri 4. Wannan shi ne aikin guguwar ruwa, masu faɗin kilomita goma-goma zuwa ɗari da wani abu. A digiri 26 na Atlantika rabonsu kaɗan ne, ba zai ɓata maka amsa sosai ba. A bakin manyan kwararar ruwan ɗumi irin Gulf Stream ta Atlantika ko Kuroshio ta Fasifik, ko a Tekun Kudu da ke zagaye Antaktika kuwa, zai ɓata.

Sai wasu ramuka huɗu na samfurin kwamfuta. Gudu da zafi ba a wuri ɗaya ake ajiye su a raga ba: zafi a tsakiyar gida, gudu a bangonsa ko kusurwarsa, dole ka kawo zafin inda gudun yake. Gidan ƙarshe na ƙasa sau da yawa guntu ne, in ka ba shi cikakken kauri ka ƙirƙiri ruwan da babu. Sannan ragar samfura da yawa tana karkacewa a arewa, layin raga ba ya bin layin latitud, abin da fayil ya kira gudun arewa ba arewa tsantsa ba ne. Kuma idan ragar ta digiri 1 ce, guguwar ba ta fitowa a cikinta sam, ana ƙiyasta aikinta ne da tsarin Gent da McWilliams na 1990, kuma wannan kason ba ya cikin fayil ɗin gudu na yau da kullum. Mafi sauƙi: duba ko samfurin ya ajiye zafin da ya lissafa da kansa a kowane taki. A bayanan CMIP, shirin kwatanta samfuran yanayi na duniya, sunansa hfbasin. Yi naka, ka gwada da nasa.

Malam Sa'idu: Ni duk wannan wahalar ta bangon ruwa ban cika yarda da ita ba idan ana maganar duniya baki ɗaya. Hanyar ragowa ta fi tsabta. Tauraron ɗan Adam yana auna hasken rana da ke shigowa da zafin da ke fita a saman sararin samaniya. Yankin ikweta yana samun fiye da abin da yake fitarwa, ƙuryoyin arewa da kudu suna fitar da fiye da abin da suke samu. Ka fara tarawa daga ƙuryar kudu kana hawa, layi bayan layi, za ka sami jimillar abin da iska da teku suke ɗauka tare. Tana kaiwa ƙololuwa kusa da digiri 35, petawat 5 da rabi zuwa 6. Ka lissafa na iska daga bayanan yanayi, ka cire, abin da ya rage na teku ne. Vonder Haar da Oort sun yi haka tun 1973. Trenberth da Caron a 2001 sun samu cewa a digiri 35 iska ce ke ɗaukar kashi 78 cikin 100 a arewa, 92 a kudu. Teku yana da ƙarfi ne a kusa da ikweta, ƙololuwarsa kusan petawat 2 tsakanin digiri 15 da 20 arewa. Ba jirgi, ba igiya, kuma kana samun kowane layi, ba guda ɗaya ba.

Dakta Hauwa: Malam Sa'idu, tsabta a takarda. Kana cire babbar lamba daga babbar lamba don ka sami ƙarama. A digiri 35 jimilla kusan 6, iska kusan 5. Kuskuren kashi 10 cikin 100 a lissafin iska rabin petawat ne, kusan rabin amsar taka ke nan. Kuma faɗin duniya murabba'in kilomita miliyan 510 ne: kuskuren wat 1 a kowane murabba'in mita, in ka tara shi daga ƙurya zuwa ƙurya, rabin petawat ne. Ɗanyen awon CERES, na'urorin da ke kan taurarin ɗan Adam, bai rufe ba da wat da dama, sai da aka daidaita shi da ɗumamar teku da na'urorin Argo masu yawo a cikin teku suka auna. Wato tauraron naka da awon cikin ruwa aka gyara masa zama.

Malam Sa'idu: Na yarda an daidaita. Amma daidaitawar lamba ɗaya ce ga duniya duka, yadda zafin ya rarrabu daga layi zuwa layi tauraron ne ya ba da shi. Matsalar iska kuma an san maganinta. Bayanan yanayi da aka sake tacewa ba sa kiyaye nauyin iska daidai, cutar Aminu ce a sama, don haka ana fara gyara gudun iskar har nauyi ya rufe kafin a lissafa zafi. Akwai kuma gwaji mai kyau: a kan tudu, ƙasa ba ta iya kai zafi ko'ina, matsakaicin shekara na abin da ke shiga cikinta dole ya kusanci sifili. In lissafinka ya nuna wata nahiya tana shan wat 15 a murabba'in mita shekara da shekaru, ka san girman kuskurenka ke nan.

Rabi'atu: Me ya hana a bi ta saman ruwa kai tsaye? A lissafa hasken da ke shiga, da zafin da ke fita ta tururi da ta taɓawar iska, a tara daga arewa zuwa layin da ake so.

Farfesa Lawal: An bi, 'yata, kuma ita ce mafi rauni a cikin ukun. Zafin tururi ba auna shi ake yi ba, ƙiyasta shi ake yi daga gudun iska da bambancin laima tsakanin fuskar ruwa da iskar da ke samanta, a ninka da wata lamba da aka samo daga gwaji. Kowanne da kuskurensa, girgije kuma yana rikita lissafin haske. Taswirar da aka haɗa a Southampton a ƙarshen shekarun 1990 daga rahotannin jiragen ruwa ta nuna teku yana samun rarar kusan wat 30 a kowane murabba'in mita. Faɗin teku murabba'in kilomita miliyan 360 ne. Ninka ki gani: fiye da petawat 10, ninki biyar na abin da ake nema. Ana iya rage wannan rarar da ƙarfi, amma a ina za a rage? Ko'ina daidai, ko a inda aka fi zargi? Amsar tana canzawa da zaɓin.

Akwai kuma abin da hanyar ki da ta Malam Sa'idu suka haɗu a kai: dukansu suna ɗauka teku ba ya ajiya. A ɗauki fili mai murabba'in kilomita miliyan 20, mita 50 na samansa ya ƙara digiri 4 cikin wata 6. Jul miliyan 4.1 sau wannan ruwan sau 4, a raba da sakan miliyan 15.8, ya ba da kusan petawat 1. Ajiyar rabin shekara kaɗai ta kai girman abin da kwararar ruwa ke ɗauka. Don haka wanda ke son lambar wata-wata ta hanyar ragowa dole ya cire canjin ajiya, kuma a nan ma Argo zai koma: na'urori kusan 4,000, kowace tana nutsewa zuwa mita 2,000 ta taso duk kwana 10.

Nura: To Dakta, ita hanyar taku ta kai tsaye, yaya ake sanin gudun ruwa a faɗin kilomita 6,000? Ba a jera na'urar auna gudu a kowane mita ba dai.

Dakta Hauwa: Ba a jera ba. Kashi uku ake raba shi, kamar yadda Hall da Bryden suka yi a 1982 suka sami petawat 1.2, kuma haka shirin awon teku na RAPID yake yi a digiri 26.5 tun 2004.

Na farko Mashigin Florida, tsakanin Florida da Bahamas. Ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki, to idan yana gudu a cikin maganaɗisun duniya sai ya haifar da ɗan bambancin lantarki tsakanin gaɓa da gaɓa. Tsohuwar wayar tarho da ke kwance a ƙasan mashigin ita ake aunawa da ita, tun 1982. Kusan Sv 32 ke wucewa. Wayar yawan ruwa kawai take faɗa, ba ta san zafi ba, don haka jiragen bincike ke zuwa lokaci-lokaci su auna zafi su kuma gyara ma'aunin.

Na biyu abin da iska ke turawa a sama, kason Ekman. Turin iska a raba da nauyin ruwa sau lambar Koriyolis, mai nuna yadda juyawar duniya ke karkata ruwa. A digiri 26.5 lambar 0.000065 ce. Turi na niyuton 0.04 a murabba'in mita ya ba da murabba'in mita 0.6 a sakan, sau kilomita 6,000, kusan Sv 3.6 zuwa arewa. Kaɗan ne, amma shi ne ruwa mafi ɗumi, kuma shi ya fi saurin canzawa, yana iya juyawa kudu a cikin hunturu.

Na uku tsakiyar teku. A nan ba gudu ake aunawa ba, nauyin ruwa ake aunawa. An turke igiyoyi a ƙasan teku, a gefen Bahamas da gefen Afirka da kuma gefunan tsaunin da ya raba Atlantika biyu, an ɗaura musu na'urorin auna zafi da gishiri da matsi daga ƙasa har kusa da sama. Bambancin nauyi tsakanin gabas da yamma a kowane zurfi yana faɗa maka yadda gudu ke canzawa daga zurfi zuwa zurfi. Lura: canjin kawai, ba gudun kansa ba. Akwai lamba ɗaya da ta ɓace, gudun da ruwan duka ke yi tare daga sama har ƙasa. Kuma ba ƙaramar lamba ba ce: milimita 1 a sakan, sau murabba'in mita biliyan 24, Sv 24 ne. Babu na'urar da za ta ba ka milimita 1 a faɗin teku. Sai a koma ga ƙa'idar da muka fara da ita: a zaɓi wannan gudun yadda shiga da fita za su yi daidai.

Ga lissafin da lambobin da aka dunƙule, don gwaji kawai. Florida 32 sau digiri 19, 608. Ekman 3.5 sau 25, 87.5. Masu komawa kudu: Sv 18 a sama da mita 1,000 da digiri 18, 324, Sv 17.5 na can ƙasa da digiri 3, 52.5. Ruwa: 35.5 ya hau, 35.5 ya sauko. Zafi: 695.5 a cire 376.5, saura 319, sau 0.0041, petawat 1.3. Dubi inda ribar take. Ruwan da ya hau ya dawo ta sama bai yar da komai ba sai digiri 1. Wanda ya hau da ɗumi ya dawo ta ƙasa da digiri 3 shi ne ya sauke kayan. Shi ya sa kusan kashi 90 cikin 100 na zafin a wannan layi na jujjuyawar sama da ƙasa ne, ba na zagayen kwance ba.

Malam Sa'idu: Kuma shi ya sa wanda ya ce Gulf Stream na ɗaukar petawat 2.5 bai faɗi komai ba. 608 sau 0.0041 ne kawai, ba tare da an tambayi ruwan da ya dawo ba.

Injiniya Bashir: Dakta ba ta faɗi inda tata hanyar ke ciwo ba, bari in taya ta. Na'urar gishiri tana gocewa a hankali cikin shekara ɗaya ko biyu da take yi a ruwa, ƙananan halittu ma suna manne mata. Tunda gudun daga bambancin nauyi ake fitar da shi, gocewa a lamba ta uku bayan ɗigo tana bayyana a matsayin kwararar ƙarya. Shi ya sa ake ɗaura su a jikin na'urar CTD ta jirgi, mai auna gishiri da zafi da zurfi, a nutsar da su tare, kafin a turke da bayan an ciro. Igiya kuma tana kwantawa idan ruwa ya yi ƙarfi, na'ura ta sauka ƙasa da inda aka sa ta, dole a bi awon matsi ba tsawon igiya ba. Saman igiyar ba ya kaiwa fuskar ruwa, mitocin ƙarshe cike su ake yi da ƙiyasi, kuma a nan zafin ya fi yawa. Ita ma wayar Florida: maganaɗisun duniya yana canzawa a hankali, kuma da aka gyara wannan a 2024, yawancin raguwar da ake gani a kwararar ta ɓace.

Sannan a yi amfani da zafin da aka cire wa tasirin matsi. Ruwa a zurfin mita 4,000 matsi kaɗai yana ƙara masa kusan digiri 0.3. Ƙa'idar lissafin ruwan teku ta TEOS-10 ta ba da ma'aunin zafi na musamman da ake ninkawa da lamba ɗaya tsayayya, kusan 3992.

Rabi'atu: Kafin igiyoyin, jirgi ɗaya ke ratsawa ya auna. Me ya sa ba a tsaya a nan ba?

Farfesa Lawal: Saboda abin da ya faru a 2005. An kwatanta ratsawa biyar na kusa da wannan layi, 1957, 1981, 1992, 1998 da 2004, aka ce jujjuyawar ta ragu da kusan kashi 30 cikin 100. Sai shekarar farko ta RAPID ta fito: matsakaici Sv 18.7, amma lambar tana lilo daga 4 zuwa kusan 35 a cikin shekara ɗaya. Duk ratsawa biyar ɗin sun faɗa cikin wannan lilon. Daga baya aka gane akwai hawa da sauka na yanayin shekara mai kusan Sv 7, kuma ba a wata ɗaya aka yi ratsawar ba. Jirgi yana ɗaukar mako da yawa kafin ya ƙetare, ruwan da ya auna a yamma ya riga ya canza kafin ya isa gabas. Raguwa ta gaske ta zo a 2009 zuwa 2010, ta kusan kashi 30, sannan ta farfaɗo, kuma ba don igiyoyin ba da babu wanda zai iya faɗin tsawonta.

Nura: Wannan tsarin zai yi aiki a ko'ina?

Dakta Hauwa: A'a. Kusa da ikweta lambar Koriyolis tana zuwa sifili, rabawa da ita ba ta da ma'ana, sai an auna gudu kai tsaye. A arewa mai nisa, layin OSNAP da aka fara a 2014 daga Labrador zuwa Girinlan zuwa Sikotlan ya buƙaci igiyoyi masu yawa a kan gangaren gaɓa, domin a can kwararar sirara ce kuma tana tafiya tare daga sama har ƙasa. Zafin da ke wucewa can bai kai rabin na digiri 26 ba. A Tekun Kudu kuwa, a layin Mashigin Drake, tsakanin Kudancin Amurka da Antaktika, babu gaɓa gabas ko yamma da za a jingina lissafin, ruwa fiye da Sv 130 yana zagaye Antaktika yana tafiya gabas, iska tana tura ruwan sama arewa, guguwar ruwa ce ke tsallakar da zafi kudu. A can, Malam Sa'idu, na ba ka gari: hanyar ragowa da samfuran da ke haɗiye awo irin ECCO sun fi abin da muke da shi.

Malam Sa'idu: Na karɓa. Ni ma a Atlantika lambar RAPID nake gwada tawa da ita.

Aminu: Na cire milimita 0.04 ɗin. Salsiyas da Kelbin duk sun ba da 1.2 yanzu. Amma na ja layin zuwa digiri 30 kudu, amsar ta fito da alamar arewa, wato zafi yana tafiya wajen ikweta, ba wajen Antaktika ba. Na juya alama ne a wani wuri?

Dakta Hauwa: Ba ka juya ba. Atlantika arewa take kai zafi a kowane layi, har a kudu da ikweta, saboda ruwan ɗumi yana shigowa ta sama ya maye gurbin mai sanyin da ke fita ta ƙasa. In ka sami abin da ke tsakanin 0.3 da 0.6 a can, kana kan hanya. Sake lissafa faɗin bangon a wannan layin kafin ka cire gudun, ba biliyan 24 ɗin da muka yi amfani da shi ba ne.